Yadda Ake Gano Matsalar Tsohon Madabod Ɗin da Ya Ƙi Kawo Hoto

Ka sayo madabod na hannu, wato babban allon da sauran sassan kwamfuta ke haɗuwa a jikinsa, ka haɗa komai, ka danna makunni. Fanka ta tashi tana juyawa, fitila ta kama, amma monita baƙi ƙirin. A nan ne yawancin masu koyo ke ɓata lamarin. Wani ya ce furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ce ta mutu ya tafi sayo wata, wani kuma ya jawo bulowar zafi ya hau gasa bod ɗin. Alhali juyawar fanka ba ta nuna komai sai cewa wutar bolt 12 ta iso. Ba ta ce RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ya zauna ba, ba ta ce BIOS, manhajar da ke tayar da bod, ya tashi ba.

Bayanin nan ya fi shafar bod ɗin da suka cika kasuwar kayan hannu: masu soket (mazaunin furosesa) LGA775 na zamanin Core 2 Duo, irin G31 da G41, da masu soket LGA1155 irin H61. Kayan aikin ba su da yawa: sukundireba, mitar auna wuta, sabon batir CR2032, abin goge fensir, sifirit, tsohon buroshin haƙori, da 'yar sifikar nan mai ƙafa huɗu da ake cusawa a bod. Wannan sifikar kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma wanda ba shi da ita lalube yake yi cikin duhu.

Kafin ka cusa filogi a bango, juya bayan fawa fak, akwatin da ke ba bod wuta, ka duba. Tsofaffin da suka fito daga Amurka suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230. In yana kan 115 ka ba shi wutar nan tamu, ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi, shi ke nan. Mai da shi 230 tukuna.

Sai monita. Gwada shi a wata kwamfutar mai aiki, da wayarsa da komai. Leƙa cikin kan wayar VGA, ƙafafu 15 ne, ɗaya ta lanƙwashe hoto na iya ɗaukewa. In akwai katin hoto a jikin bod, a jikin katin za ka saka waya, domin yawancin bod suna kashe tasu hanyar hoton da zarar sun ga kati. Sannan ka haɗa kibod ka danna Num Lock. In fitilarsa tana kamawa tana mutuwa, bod ya tashi lafiya, matsalar tana tsakanin mafitar hoto da monita ne, kada ka wahalar da kanka da sauran.

In Num Lock bai motsa ba, fito da bod daga kesin gaba ɗaya. Ban yarda da gwaji a cikin kesin ba, ko da kuwa kwance shi zai ci maka rabin awa. Ƙusa ɗaya da ta faɗa ƙarƙashi, ko ɗan turken ƙarfe da ya tsaya inda babu rami, ya isa ya haɗa wuta ya hana bod tashi. Shimfiɗa shi a kan kwali busasshe ko katako. Lokacin hunturu jiki na tara wuta sosai, don haka ka riƙa taɓa ƙarfen kesin kafin ka taɓa bod, kuma ka riƙe shi ta gefe. Abin da za ka bari a jikinsa kawai: furosesa da fankarta, RAM guda ɗaya, babbar waya mai ƙafa 24, ƙaramar waya mai ƙafa 4 ta kusa da furosesa, sifika, da wayar monita. Hadis (hard disk), wayoyin USB na gaba, katin sauti, duk a cire. Wannan ƙaramar waya mai ƙafa 4, mai launin rawaya da baƙi, ita ake yawan mantawa, kuma ita ce ke ciyar da furosesa. In babu ita fanka za ta yi ta juyawa har gobe ba hoto. Don tayar da bod, nemi ƙafafu biyun da aka rubuta PWR_SW ko PW a gefensu ka taɓa su tare da bakin sukundireba na daƙiƙa ɗaya.

Yanzu ka zare RAM ɗin ma, ka tayar da bod ba shi. Mutane suna mamakin wannan, amma shi ne gwajin da ya fi faɗin gaskiya. In sifika ta hau kuka, albishirinka: furosesa na aiki, BIOS ya karantu, bod ya nemi RAM bai samu ba shi ne yake ƙorafi. In shiru ka ji alhali fanka na juyawa, to abin ya tsaya tun kafin a kai ga RAM, sai ka koma kan wuta da furosesa da BIOS.

Mu ɗauka ya yi kuka. To nan ne wurin zama, domin mafi yawan bod ɗin da ake cewa sun mutu a nan ciwonsu yake. Ɗaga RAM ɗin ka kalli haƙoransa na zinariya a haske. Wanda ya daɗe a ajiye za ka ga sun dushe, wani lokacin da ɗan baƙi-baƙi. Ɗora shi a kan tebur, ka goge haƙoran da abin goge fensir, gaba da baya, har su yi ƙyalli, ka kaɗe ɓurɓushin. Kada ka sake taɓa wurin da yatsa. Ramin ma sai an wanke: ɗiga sifirit a buroshi ka cuɗa cikinsa daga wannan kai zuwa wancan, ka bar shi ya bushe sarai. Ƙurar hunturu in ta haɗu da laimar damina a cikin ramin nan zama take kamar laka. Ban son fetur a wannan aikin, yana barin maiƙo, kuma hura ramin da baki yawu kake zuba masa.

Wurin sakawa, buɗe 'yan kunnuwan biyu, daidaita tsagar, ka danna da manyan yatsu biyu a kai biyun lokaci guda har kunnuwan su rufe da kansu ka ji ƙas. In kai ne ka ja kunnen ka rufe da hannu, RAM bai zauna ba, ko da ido ya nuna maka ya zauna. Gwada shi a rami na farko. Bai kawo ba, kashe wuta ka mai da shi na biyu. Sannan ka ɗauko wani RAM ɗin ka sake bin ramukan. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji. Wanda ya canza RAM da fawa fak da furosesa a tashi ɗaya, ko hoto ya zo bai san abin da ya gyara ba, kuma gobe zai dawo.

Akwai kuma RAM mai lafiya ƙalau wanda bod ɗin ne ba ya jituwa da shi. DDR2 da DDR3 duk haƙora 240 gare su, tsagar ce ta bambanta, kada ka tilasta. Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne G41 mai DDR3: yakan ƙi RAM mai 4GB na baya-bayan nan, mai ƙwayoyi takwas a fuska ɗaya, ya karɓi tsohon yayi mai ƙwayoyi 16 gaba da baya. RAM ɗin saba (server) kuma, wanda za ka ga harafin R a ƙarshen lambarsa kamar PC3-10600R, yana da arha a kasuwa shi ya sa ake kwasa, amma ba ya tashi a waɗannan bod ɗin ko kaɗan. Mai gyara ya kamata ya ajiye 1GB DDR2 guda da 2GB DDR3 guda da ya tabbatar da lafiyarsu, kada ya sayar da su ko nawa aka taya.

Daga nan sai batir. Cire wayar wuta daga bango, zare batirin ka auna. Sabo yana ba da bolt 3 ko sama kaɗan. In ya sauko ƙasa da 2.8 a jefar, domin wasu tsofaffin bod ba sa tashi da mataccen batir. Tun da yana waje, danna makunni ko ka haɗa ƙafafun PWR_SW ɗin nan biyu na daƙiƙa goma don ragowar wuta ta zube, ka jira minti biyar. In bod na da ƙafafu uku da aka rubuta CLR_CMOS, ɗauke 'yar hular robar daga 1-2 zuwa 2-3 na daƙiƙa goma, ka mai da ita. Ka duba da kyau, ana samun bod ɗin da mai shi na farko ya bar hular a 2-3, wannan kaɗai ya hana shi tashi. Bayan haka ka mai da batir da wayar wuta, ka yi haƙuri da tashin farko. Yakan ɗauki kusan minti guda, yakan ma mutu ya sake tashi da kansa. Gaggawar kashewa bayan daƙiƙa biyar ta sa an yanke wa bod da yawa hukuncin da bai dace ba.

Idan kuwa shiru ka ji tun farko da ka zare RAM, ɗauko mita. Baƙin tsinke a baƙar waya, jan tsinke a rawaya: tsakanin 11.4 da 12.6. Jar waya 4.75 zuwa 5.25. Mai ruwan lemo wajen 3.3. Mai ruwan malmo tana ba da bolt 5 tun ba a kunna ba. Ka auna fawa fak yana haɗe da bod yana aiki, saboda gajiyayye yakan nuna daidai in babu kaya a kansa, ya durƙushe da an ɗora. Haɗa koriyar waya da baƙa tayar da shi kawai yake yi, ba shaidar lafiya ba ce. Ka kuma sani cewa wasu HP da Dell, irin HP 8200 Elite da OptiPlex 7020, fawa fak ɗinsu na musamman ne mai ƙafa 6 ko 8, na gama-gari ba ya shiga. In fanka ta motsa kaɗan ta tsaya cak, wuta ce ta haɗu a wani wuri. Kashe komai, sa mita a wurin ƙara, ka taɓa ƙafar bolt 12 ta soket mai ƙafa 4 da ramin ƙusa. In ƙarar ta ci gaba ba ta yanke ba, ɗaya daga tiransistocin da ke gefen furosesa ya ƙone.

Kalli kafasitocin da ke kewaye da soket. Kansu ya zama a shafe. Wanda ya kumbura ko ya fitar da abu mai ruwan ƙasa ya gama aiki, a canza shi da mai bolt da ƙarfi iri ɗaya, mai jure zafin digiri 105, a kula da ƙafar da ke da ratsi.

Furosesa ita ce ta ƙarshe da zan zarga, da wuya take mutuwa. Ƙafafun soket ne ke lanƙwashewa. Haska su da tocilar waya daga gefe, lanƙwasasshiyar za ta yi ƙyalli daban da 'yan'uwanta, sai a ɗago ta da allura a hankali. A H61 hoto daga cikin furosesa yake fitowa, don haka i5-3350P ko Xeon E3-1230 v2 ba za su ba ka hoto ba sai da kati. Tsohon H61 da ba a sabunta BIOS ɗinsa ba kuma ba ya gane furosesa 'yar zubi na uku irin i5-3470, sai ka tayar da shi da 'yar zubi na biyu irin i3-2100 ka sabunta.

Saura BIOS kansa, ƙwaya mai ƙafa takwas, ana sake rubuta ta da na'urar CH341A, amma a kwafe na ciki a ajiye kafin a goge. Gasa babbar ƙwayar bod da bulowa kuwa, ko ya kawo hoto na ɗan lokaci ne, kada ka karɓi kuɗin mutum a kansa. In ka kai nan bai tashi ba, ka tambayi farashin wani H61 ko G41 na hannu, sau da yawa bai kai kuɗin ci gaba da gyaran ba. Cire batirinka da sifikarka da furosesa, ka ajiye bod ɗin don ciro kafasita da soket, wanda za ka saya kuma a tayar maka da shi a shagon ka ga hoton BIOS da idonka kafin ka biya.