Idan 'Yan Rod Sefti Suka Rubuta Maka Tara

Ni direban Kano zuwa Kaduna ne, ga shawarata ga 'yan'uwa direbobi. Idan jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ya tsayar da kai, ka faka a gefe, ka miƙa lasisi da takardun mota, ka bar gardama. In ya rubuta maka takardar laifi, karanta ta tun a wurin, ka tabbata lambar motarka da laifin sun dace.

Kada ka ba kowa kuɗi a hannu. Ta Remita, hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet, ake biyan tarar, a banki ko ta waya, sannan ka kai rasit ofishinsu ka karɓi abin da suka riƙe. Kada ka yi jinkiri, don motar da ta wuce awa 24 a hannunsu akwai kuɗin ajiya kullum.

Abin da ya fi damuna shi ne makin laifi da ake rubuta wa direba. A jadawalin dokar hukumar ta 2007, waya a kan tuƙi Naira 4,000 ce da maki 4. Tuƙin ganganci kuwa Naira 50,000 da maki 10. Makin yana taruwa: daga gargaɗi sai dakatar da lasisi, daga nan a ƙwace shi. In ba ka yarda da laifin ba, kana da damar zuwa kotu.