Shawara ga mai son tsohuwar Kubota B7100 don lambu

Salam 'yan uwa manoman Mai Wurno da Sinnar a Sudan, mai shirin sayen ƙaramar taraktar nan ta Japan ya ɗan saurara. Injinta na dizal ne, silinda 3, ƙarfin doki 16, giya 6 gaba 2 baya, kuma akwai mai ja da ƙafa huɗu, ita nake ba ku shawara ku nema saboda lakar bakin kogi.

Amma abin da ya fi damuna shi ne lagireto, tsofaffin ba su da famfon ruwa, zafi ne kawai ke juya ruwan a ciki, to da zafin nan namu in ƙura da ƙaiƙayi suka toshe ragar gaba wallahi kafin azahar ta tafasa, ni sai da kan injina ya tsage na gane. Kullum da safe ku share ragar ku duba ruwa da belin fanka.

In za ku saya a tayar da ita a gabanku injin na sanyi, a ɗaga garma a ga ko tana sauka da kanta, in tana sauka to akwai matsala. Kar a kai ta busasshiyar baƙar ƙasa irin ta Gadarif, albasa da kuɓewa a lambu ne aikinta.