Gem ɗinka na son iska, bangon kuma ba na babanka ba ne

Mako uku ke nan da na sauka Birnin Kebbi hutu, kuma kusan kullum bayan la'asar sai wani yaro ya zo majalisarmu ta Badariya da takardar samun gurbin karatu a cikin waya, yana tambayar yadda zaman Ingila yake. Bakina ya gaji da maimaita amsa ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta, duk wanda ya sake tambaya a tura masa. Na shiga shekara ta shida a Manchesta, kuma yawancin abin da zan faɗa da kuɗina na saye shi.

Batun layin waya, asusun banki da rajistar likita ba zan ɓata muku lokaci a kai ba. 'Yan uwanmu da ke can za su kai ku a gama cikin mako ɗaya, kuma a wannan fanni, alhamdu lillahi, mutanenmu ba su da na biyu: ban taɓa ganin ɗan Kebbi ko Zamfara ya sauka ya kwana a tasha ba. Wutar lantarki ma babu abin koyo. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu, ƙarfin wutar 230, abin da ka jona a gida can ma zai hau. Masu zuwa Amurka ne za su duba rubutun da ke bayan kayansu, don can 120 ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gem, wato na'urar wasan bidiyo. Na san wani dattijo zai karanta ya ce wanga yaro ba shi da aikin yi. To, Baba, a Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, babu majalisa, babu mai shayi, babu maƙwabcin da zai leƙo ya ce ina gajiya. Yaron da ya tashi yana biyan naira ashirin a shagon gem yana buga ƙwallo a PlayStation 2, janareto na kuka a bakin ƙofa, da ya karɓi albashin farko abin da zai saya ke nan. Na ga haka ya fi sau goma. Ba na hana kowa. Inda za ka ajiye ta ne maganata.

PlayStation 5 da ta fito a Nuwamban 2020 ƙatuwa ce, kada hoto ya ruɗe ka. Tsayinta santimita 39, nauyinta kilo huɗu da rabi, fara mai baƙin ciki, gefunanta a buɗe kamar wanda ya sa babbar riga ya ɗaga wuya. Ba don ado kawai aka yi ta haka ba. Tana cin wuta wajen wat 200 in wasa ya yi zafi, kuma duk wutar nan zafi take komawa, dole a fitar da shi. A cikinta akwai fanka mai faɗin santimita 12 da ke jan iska ta gaba tana hurawa ta baya. Xbox Series X kuwa kamar ƙaramin firij baƙi, santimita 30 a tsaye, 15 a kowane gefe. Tana shaƙa ta ƙasa, fanka ɗaya a samanta tana fitar da hucin kamar bututun hayaƙi. Ƙanwarta Series S fara ce siririya, baƙin da'irar da ke jikinta nan ne hancinta. A ƙarshen 2023 Sony ta fito da PS5 mai ɗan ƙaramin jiki, amma buƙatar iskar tana nan. Kamfanonin ba su ɗauki zafi da wasa ba tun abin da ya samu Xbox 360, wadda ta riƙa mutuwa a hannun mutane da jar wuta a maɓallinta, har a 2007 Microsoft ta ware fiye da dala biliyan ɗaya don gyara.

Ni dai da na sayo tawa, uwargida ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wanga abu ba ya zama min tsakar falo." Gaskiyarta, ba ta shiga da komai na ɗakin ba. Sai na kwantar da ita a cikin durowar teburin talabijin mai ƙofar gilashi, na tura ta har ta taɓa katakon baya, na rufe. Teburin kuma yana jingine da hitar bango, wannan farin ƙarfen mai kama da lagireton mota da ruwan zafi ke zagayawa a ciki. Wata ranar Asabar cikin Janairu, waje ƙanƙara ta kwanta a kan motoci, ina tsakiyar wasa sai fanka ta fara gurnani kamar injin niƙa, rubutu ya fito a allo cewa na'urar ta yi zafi da yawa, a kashe ta. Na buɗe gilashin, hucin da ya bugi fuskata kamar na buɗe tukunyar tuwo. Mutumin da ya yi azumi a Birnin Kebbi cikin Afrilu, ga shi zafi ya kayar masa da kaya a ƙasar sanyi.

Gidajen can an gina su ne don su riƙe ɗumi. Tagogi gilashi biyu, ƙasa kafet, babu fankar sama, babu na'urar sanyaya ɗaki. Da rani ma ba su da daɗi: a Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a Ingila karo na farko tun da aka fara aunawa, kuma ɗaki ya zama tanda. Sony da kanta ta ce a bar aƙalla santimita 10 tsakanin na'urar da bango, kada a ɗora ta a kan kafet mai gashi, kada a cusa ta a matsattsen wuri. Ga kuma al'adarmu ta rufe kayan wuta da leshi saboda ƙurar hunturu. A Gusau ko Argungu wannan hikima ce. Na shiga gidan wani ɗan uwa na tarar an shimfiɗa wa Xbox ƙyalle mai aiki a ka, an ɗora kwalbar fure, daidai inda take numfashi. Ƙurar can ba ja ba ce irin tamu, gashin kafet ne da zaren tufafi, kuma ita ma tana toshe ramuka. Duk bayan 'yan watanni ka kashe, ka zare waya, ka zuƙe ramukan da injin shara a hankali. Kaskon turaren wuta kuma a nesanta shi, don duk hayaƙin da ya bi ta gaban fanka ciki zai shige.

Da a nan na tsaya da na huta. Amma sai na ce bari in yi maganin abin gaba ɗaya: in rataye talabijin a bango, in kafa wa gem ɗin kantar ajiya a gefe inda iska za ta ratsa ta ko'ina. Na aro injin huda bango wurin wani abokina. Ban tambayi kowa ba, don a gida wa ke neman izini kafin ya buga ƙusa? Bangon da na zaci bulo ne ashe allon filasta ne a kan katako, ciki fayau. Huda ta farko kan injin ya faɗa kamar cikin kabewa. Na yi rami takwas kafin huɗu su kama, ɗaya kuma ya ɓare har hannuna na shiga. Garin neman ƙiba na samo rama. Na rufe ɓarnar da talabijin na manta, har ranar tashi.

Yanzu ku saurara da kyau, nan ne kuɗi ke tafiya. In za ka kama haya a Ingila za ka ba da kuɗin ajiya. Dokar 2019 ta ce kada ya wuce kuɗin hayar mako biyar, in dai hayar shekara ba ta kai fam dubu hamsin ba. Ni hayata fam 780 ce a wata, na ajiye 900. Wajibi ne mai gida ya saka kuɗin cikin kwana 30 a ɗaya daga cikin hukumomin ajiya uku da gwamnati ta amince da su, ya kuma ba ka shaidar inda suke. In bai yi ba, kotu na iya sa shi ya biya ka har ninki uku. Wannan a Ingila ke nan. Sikotilan tana da nata tsarin. Ranar shiga kuma ejan, wato wakilin mai gida, zai ba ka takarda mai shafuka da yawa da ke lissafa halin kowane bango, kowace ƙofa, kowane tabo. Ni na sa hannu a tsaye a bakin ƙofa, jakunkuna a hannu, ban karanta layi ɗaya ba. Na ga mutumin yana ta murmushi na ɗauka mutunci ne.

Da muka tashi sai ga saƙo: za a cire fam 520. Gyaran bango da fentin falon gaba ɗaya, wankin labule wai suna ƙanshin hayaƙi, da wani tabon kafet a ɗakin kwana wanda wallahi tun ranar da muka shiga yana nan. Na buga waya ina rantsuwa. Matar da ta ɗauka ta ce cikin sanyin murya, "Kana da hoto?" Ba ni da shi. Can rantsuwa ba ta da kasuwa, kuma babu wanda zai ce a dubi girman mahaifinka.

Wani dattijonmu ɗan Talata Mafara, wanda ya fi shekara ashirin a ƙasar, shi ya zaunar da ni bayan Juma'a. Ya ce, "Ɗana, bangon kai ka ɓata, ka biya. Sauran kuwa kada ka yarda." Ya nuna min cewa hukumar da ke riƙe da kuɗin tana raba gardama kyauta, kuma mai gida ne zai kawo hujjar abin da yake son cirewa, tsufan da kaya ke yi saboda zaman yau da kullum ba a cajin ɗan haya a kansa. Muka tono wani bidiyo da uwargida ta tura wa mahaifiyarta a WhatsApp a makonmu na farko tana nuna mata ɗaki, sai ga tabon a ciki ƙarara. An yi makonni ana aike-aiken takardu. A ƙarshe kuɗin kafet ya dawo, na fenti aka rage, amma fam 290 sun tafi a kan ramukan da na huda da hannuna.

Abin da ke ba ni haushi shi ne bara kaɗai yara biyu na faɗa wa wannan labari baki da baki, dukansu suka ce "to, Yaya", dukansu kuma suka huda. Ɗaya ma cewa ya yi ai zai cike ramin da man goge baki. Ranar da ka karɓi makulli, kafin ka shigar da ko tabarmar salla, ka zagaya da waya ka ɗauki kowane lungu, ka tura wa ejan ta imel don kwanan wata ya zauna. In kana son rataye wani abu ka nemi izini a rubuce. Da yawa suna yarda in ka yi alkawarin gyarawa. In an ƙi, akwai teburin talabijin mai sanda a baya da ke ɗaga allon sama ba tare da an taɓa bango ba, kuma ana samun na hannu da arha. Ƙararrawar hayaƙi da ke silin kuma kada ka cire mata batir don ta yi ihu lokacin turare ko suya, buɗe taga.

Wani abu da ke tsorata sababbi: wasiƙu masu jan rubutu na lasisin talabijin, wato izinin kallon talabijin da ake biyan kuɗinsa a can. In gem kawai kake bugawa ba ka buƙatarsa. In kana kallon tashar da ke watsa shiri kai tsaye, ko da ta intanet ce, ko BBC iPlayer, manhajar kallon shirye-shiryen BBC, to wajibi ne, kuma ƙwallon da za ka kalla kai tsaye tana ciki.

Tawa yanzu tana tsaye a kan buɗaɗɗen benci a ɓangaren da babu hita, tazarar tafin hannu tsakaninta da bango. Uwargida har yau ba ta sonta, in za a yi baƙi takan ja tukunyar fure ta kare ta daga gefe, ni kuma in sun tafi in mayar.