Yadda ake haɗa na'urar da za ta gane kifin da ya wuce dam, tun daga sa masa ƙwaya har zuwa eriya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan Mai Wurno ne nan kusa da Sinnar a Sudan, aikina gyaran wuta da haɗa sola amma gidanmu gidan masunta ne, kuma tun ina yaro nake jin kawuna yana cewa kifin binni da kawara ba kamar da ba. Kowa da abin da yake ɗora wa laifi, wani ya ce hazzan ne, wato dam, ya tare musu hanya, wani ya ce taru mai ƙananan ido, yanzu kuma an koma kan dam ɗin Habasha da aka fara cika shi a 2020. Dam ɗin Sinnar tun 1925 yake nan, na Rusairis tun 1966 kuma an ƙara masa tsawo a 2013, na Marawi 2009, amma in ka tambayi mutum kifi nawa ne ya wuce kuma ta wace ƙofa sai ya ce maka Allah masani. Toh akwai hanyar sani, kuma mai sana'a irin tawa zai iya haɗa rabinta da hannunsa.

Abin da ake sa wa kifin sunansa PIT, ni ƙwaya nake ce masa don kamar ƙwayar shinkafa yake, gilashi ne ɗan mitsitsi mai tsawon milimita 12 da kaurin milimita 2, a cikinsa akwai siririyar waya da aka naɗe da ɗan cif. Babu batir a ciki ko kaɗan. In kifin ya shigo kusa da eriya, maganaɗisun da eriyar ke fitarwa a kan kilohaz 134.2 shi ne ke ba ƙwayar wuta sai ta faɗi lambarta, rida, wato na'urar da ke haɗe da eriyar tana karanta ƙwayar, ta rubuta lambar da lokaci. Tunda ba batir ba ta mutuwa, kifin zai yi shekaru da ita. Amma ku riƙe wannan tun yanzu, ba ta ji daga nesa, tazarar ba ta wuce kamu ɗaya zuwa mita ɗaya gwargwadon girman ƙwaya da kyan eriya. Duk wahalar aikin a nan take.

Inda aka fi gwanancewa da wannan abu shi ne kogin Kolombiya da reshensa Sinek a Amurka, inda kifin salmon da aka ƙyanƙyashe can sama sai ya ratsa dam takwas kafin ya kai teku, ya girma kuma ya dawo ta tsanin kifi da aka gina masa. Tun shekarun 1980 suka fara, suna tara komai a rumbu ɗaya da ake kira PTAGIS, miliyoyin kifi. Abin da ya fi burge ni shi ne ba rana ɗaya suka kai ga babba ba, sun fara da ƙananan bututu inda ake karkatar da 'ya'yan kifi, a 2000 suka bar tsohon tsarin kilohaz 400 suka koma 134.2, a 2006 suka iya kafa eriya mai faɗin fiye da mita biyar a dam ɗin Bonneville, sai a 2020 ne suka fara ji a mazubar ruwan dam ɗin Lower Granite inda ruwa ke gudu kamar doki. Kaga in masu kuɗi sun fara da bututu, mu ma da matsatsen wuri za mu fara.

Mataki na farko kenan, ka nemo maƙogwaro. Wato wurin da dole kifi ya matse ya bi, ƙofar tura'a wato magudanar ban ruwa, kwalbati, bakin ƙaramar magudana irin su Abu Ishirin na gonakin Jazira, ko ramin tsanin kifi in akwai. Kada ka sa a ranka za ka rufe faɗin kogin Nil Azrak gaba ɗaya, ba zai yiwu ba, haka kifin da ya faɗa cikin farfelar injin wuta wannan na'urar ba ta ganin shigarsa, wannan sai wata ƙwaya mai batir mai fitar da sauti kuma tsadarta daban ce. Sannan kafin ka ɗaura ko igiya ka samu takardar izini daga hukumar dam da ta kifi, dam wurin tsaro ne dama can balle tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, a ganka da akwati da wayoyi a bakin ruwa ba takarda ba ƙaramar fitina ba ce.

Na biyu ka zaɓi tsari. Iri biyu ne, FDX da HDX. Na farko rida tana ba da wuta tana saurare lokaci guda, yana da sauri kuma ƙwayarsa ƙarama ce, amma eriyarsa tana da tsirfa, sai an rufe ta tsaf ba motsi. Na biyun rida tana caja ƙwayar kamar milisakan 50 sai ta yi shiru ta saurara kamar milisakan 20, wajen sau goma sha wani abu a daƙiƙa, ƙwayoyinsa akwai na milimita 12 da 23 da 32. Ni dai HDX nake ba mutanenmu shawara, don eriyarsa waya ce kawai da za ka samu a kasuwar Sinnar ko Madani, kuma kifinmu manya ne suna ɗaukar mai 23, ita kuwa ta fi jiyuwa daga nesa sosai. Rida da ƙwayoyi dole sai an yi odarsu daga waje, sauran kuwa naka ne.

Na uku ita ce eriya, a nan zan ɗan daɗe. Ka auna bakin ƙofar, ka yi firam da bututun roba na famfo ko katako, ban da ƙarfe. Ka zura waya mai kauri mai silili da yawa a ciki, zagaye biyu ko uku in ƙofar ƙarama ce, in babba ce zagaye ɗaya ma ya isa. Daga nan sai ka saita ta da kafasita ta yadda za ta yi amo daidai kan 134.2, kamar yadda kake murɗa rediyo har tasha ta fito tar. Ka auna ta da mita ta LCR, wato mai auna naɗin waya da kafasita, misali in ta ba ka maikrohenri 40 kafasitar da take so wajen nanofarad 35 ce, in lambar eriyar ta hau ta kafasita sai ta sauka. Masu sayar da rida suna haɗawa da ɗan akwatin saiti, wasu ma da kansu suke saitawa, amma ka san lissafin don ranar da abu zai ƙi.

Abu uku ne ke kashe eriya. Ƙarfe na farko, ƙofar dam ƙarfe ce, kankare kuma cike yake da rodi, in rodin ya yi zobe kusa da eriyarka sai ya shanye ƙarfin, don haka ka ja ta nesa da ƙofar ka ba ta tazara daga bango da katako, kuma ka yi saitin ƙarshe bayan ta zauna a wurinta cikin ruwa, saitin da ka yi a shago ba ya bin ta. Na biyu motsi, in ruwa na kaɗa wayar siffarta tana canzawa saiti ya goce, ka ɗaure ta tam. Na uku hayaniyar wuta, kuma wannan ta taɓa ba ni wahalar da ba zan manta ba.

A wata 'yar kwalbati muka yi gwaji, bayan sallar asuba na ɗaure ƙwaya a kan sandar gora ina zura ta cikin ruwa rida na ƙara tit tit daga wajen kamu biyu, raina fes. Hantsi na yi sai ta kurmance, sai na kai sandar ta kusa taɓa wayar kafin ta ji. Na kwance saiti na sake, na canza kebul, ba canji, da yamma kuma ta dawo da kanta. Kwana uku muna haka. Kawu na zaune a gindin bedi yana ɗinkin koma, sai ya ce "ɗan nan, abin naka rana yake tsoro, duba abin da ke farkawa da rana." Wallahi sai a lokacin na kalli kwantirolar sola da na saka a akwati ɗaya da ridar, ashe da rana ta fito ta fara caji sai ta riƙa watsa hayaniya a wayar ta danne 'yar muryar ƙwayar. Na cire ta nan take sandar ta dawo kamu biyu. Tun daga ranar batir biyu nake sawa, ɗaya na aiki ɗaya na caji can nesa ba waya tsakaninsu, ana musanyawa. Haka inbata da janareta da famfon ban ruwa, duk ku nisanta su, kusa da tashar wuta kuwa sai ka zagaya da rida ka auna hayaniyar wurin kafin ka zaɓi inda za ka kafa.

Kada ka kafa eriya ɗaya, ka kafa biyu a jere da tazarar 'yan mitoci. Ɗaya za ta ce maka kifi ya zo ne kawai, biyu ne za su ce maka hawa yake ko gangara, ka duba wacce ta fara jinsa. Amfani na biyu ya ma fi wannan, zan zo kansa. Kuma ka tsayar da firam ɗin yadda kifin zai ratsa ta cikinsa kamar ƙofa, don ƙwayar ta fi jiyuwa in tsawonta na fuskantar bakin zoben, in ta zo a karkace sai tazarar ta ragu. Agogon ridar ka daidaita shi da na waya duk zuwa, akwatin ka ɗaga shi sama da iyakar ambaliya ka yi masa inuwa, zafinmu na Mayu ba ya raga wa batir.

Sai sa wa kifi ƙwaya. A kamo shi da birgi ko mali, ban da mamari don ƙugiya na ji masa ciwo, a yi da sassafe ruwa na da sanyi. Ka narka man kanumfari a sifirit tukuna don ba ya haɗuwa da ruwa, sannan ka zuba a baho, ana yawan amfani da miligiram 40 zuwa 60 a lita amma ka fara da kaɗan ka ga yadda irin kifin ke ɗauka. In ya kwanta a gefe kuma kunnensa na motsi a hankali to ya yi. Allura da ƙwaya su jiƙa a sifirit mai kashi 70 minti goma. Ka kifar da shi a kan jiƙaƙƙen tsumma, ka soka a ciki ɗan gefen tsakiya tsakanin fikafikan ƙirji da na ciki, allurar a kwance kada ka nitsa ta ka huda hanji, mai 23 kuwa 'yar tsaga ake yi da aska a tura ta da yatsa. Ka'idar da aka saba kada ƙwaya ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin kifin. Ka karanta lambar, ka rubuta irin kifin da tsawo da nauyi da wuri da rana, ka mai da shi ruwa mai kyau har ya miƙe da kansa sannan ka sake shi. Wasu ka riƙe su a keji sati biyu ko uku ka gani ko suna mutuwa ko suna zubar da ƙwayar, musamman tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa.

Wannan kifin abincin mutane ne, dole a zauna da sarkin ruwa da masunta da mata masu suya da masu fasikh, wato kifin da ake gishirtawa, a nuna musu ƙwayar a tafin hannu, a ce musu a cikin tumbi take tana fita da kayan ciki in an feɗe, kada a bar ta gilashi ce. Kifin kas da kawara da ake gishirtawa a kula sosai. Wanda ya tsinta ya kawo a ba shi tukuici, ita ma wannan shaida ce, ka san inda kifin ya ƙare.

Yanzu abin da na ce zan dawo kansa, kuma shi ne ya sa na zauna na yi wannan rubutu. In ka buɗe memori ka ga kifi talatin, wannan talatin ɗin ba ta gaya maka komai sai ka san nawa suka wuce ba a ji su ba. In ba ka sani ba za ka je gaban mutane ka ce dam ya tare kifi alhali eriyarka ce ta kurmance da rana kamar tawa, ko kifi biyu sun shiga tare muryoyinsu suka haɗe rida ta kasa jin ko ɗaya. Ga yadda ake yi, misali eriya ta biyu ta ji kifi 50 masu hawa, ka duba cikinsu nawa ta farko ta ji, in 40 ne to ta farko na kama kashi 80 kuma da wannan za ka gyara lissafinka. Sannan duk sati ka bi bakin ƙofar da sandar gora, tsakiya da kusurwoyi da ƙasa, ka rubuta tazarar kowane wuri. Ka kuma sa ƙwayar shaida mai agogo a gefen eriya wadda ke magana duk rabin awa, in ka ga gibi a layinta ka san na'urar ce ta mutu a lokacin ba kifi ne ya daina zuwa ba.

Damina ita ce jarrabawa, daga Yuli zuwa Satumba ruwa na zuwa da laka da itace da ciyawa kuma lokacin ne yawancin kifinmu ke tafiyar ƙwai, wato lokacin da ka fi buƙatar eriya shi ne lokacin da ruwa ke son tafiya da ita. Ka kafa turaku a gabanta su tare shara, ka ajiye firam na biyu a gida a naɗe, ka kwashe memori duk sati ka ajiye kwafi biyu, kuma a samu yaro ɗaya daga cikin masuntan wurin a koya masa canza batir da zura sanda, a rubuta masa ladansa cikin kasafin tun farko.