Bayan tiyatar kogon hanci ta biyu: kurakuran da ke dawo da ciwo

Tiyata ta biyu tana buɗe ƙofofin kogunan hanci da tabo ko tsiro ya toshe, amma kumburin da ke cikin fatar hancin ba ta cire shi. Mutanenmu da dama a Makka da Jidda, da zarar numfashi ya sake, sai su ajiye magani. Ta nan tsiron ke dawowa, musamman ga mai asma da wanda funfuna ce tushen ciwonsa, irin da likitocin Saudiyya da Sudan suka saba gani.

Wurin wankin hanci aka fi yin ɓarna. Kwalbar wanki tana cin mililita 240. A tafasa ruwa minti 1, a bari ya huce, a zuba ƙullin gishirin da ake sayarwa a kantin magani, ko rabin ƙaramin cokali na gishiri marar aidin. A wanke safe da yamma, kai a sunkuye, baki a buɗe. Ruwan tanki ko na famfo kai tsaye yana iya kai ƙwayoyin cuta cikin kogon da aka buɗe, ruwa zalla ba gishiri kuma raɗaɗi yake yi. Kwalbar ma a wanke ta, a shanya, a canza ta duk wata 3. Mai azumi kada ya daina, ya mayar da wankin bayan buɗa-baki da lokacin sahur.

Feshin rage kumburi, irin su mometasone, bayan wanki ake yinsa, a karkata bakin kwalbar wajen kunne, domin fesa shi a kan bangon tsakiya na sa haɓo. Otrivin kuwa, feshin buɗe hanci, kada ya wuce kwana 3 zuwa 5. Wanda ya zarce, hancinsa zai toshe fiye da da.

Wasu na gudun komawa asibiti saboda share hanci da na'ura ba daɗi. Wannan sharewar ce ke cire ɓawon jini kafin nama ya manne da nama, kuma mannewar na cikin abin da ke jawo tiyata ta uku.

A mako 2 na farko ba fyace hanci, ba ɗaukar kaya mai nauyi, atishawa kuma da baki a buɗe. A tambayi likita game da sujada da shaƙa ruwa a alwala. Asfirin da ibuprofen na ƙara zubar jini. Turaren wuta a ɗaki rufe, shisha da sigari duk suna tayar da kumburi; a riƙa wanke matatar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a sa takunkumi ranar ƙura.

Jin ƙamshi yakan yi jinkirin dawowa, wani lokaci watanni. Amma idan aka ga ruwa garai mai ɗiga ta hanci ɗaya idan an sunkuya, kumburin ido, gani bibbiyu, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a nufi sashen gaggawa a ranar. A hancin da aka taɓa yi wa aiki, alamomin hanya da likita ke bi lokacin tiyata sun sauya, ga ido da ƙwaƙwalwa dab da wurin.