Darasi na 9: Ƙwayar da Ta Koyi Zaman Kainuwa

Kalmomin da za mu rubuta a allo: dashe, kainuwa, ƙwayar halitta, sankara, kaluluwa.

Duk wanda ya taɓa noman rani a Dadin Kowa ya san dashe. Ka ciro tumatir daga bedi, ka sa shi a ƙasa, ka ba shi ruwa, sai ya kama. In kuwa ka manta da shi a kan kunya, kafin la'asar ya yi yaushi. Ku riƙe wannan a rai, da shi za mu gane darasin yau.

Da ƙwayoyin halitta aka gina jikinmu. Ƙanana ne ƙwarai, sai da madubin likita ake ganin su, kuma a jikin babban mutum akwai kimanin tiriliyan 30. Kada a rikita su da ƙwayar magani ko ƙwayar cuta. Waɗannan namu ne, su ne fata da tsoka da hanta.

Da yawa daga cikinsu halin dashe gare su. Ƙwayoyin fata, da na hanji, da na nono, da na bakin mahaifa, duk a manne suke da wata siririyar shimfiɗa da ke ƙarƙashinsu. Ta wurin da suka riƙe shimfiɗar nan saƙo yake iso musu cewa suna gida, su ci gaba da rayuwa. Ranar da ƙwaya ta ɓalle, saƙon ya yanke, sai ta kashe kanta. A 1994 masana suka raɗa wa wannan mutuwa suna anoyikis, daga harshen Girka, ma'anarsa rashin gida. Ƙwayoyin jini ne ba su cikin wannan doka, don su yawo ne aikinsu.

Akwai doka ta biyu. Idan lauje ya yanke ka, ƙwayoyin fata suna ta rabuwa gida biyu har gyambon ya rufe. Da sun haɗu da juna sai su tsaya, ba tare da wani ya ce su tsaya ba.

To, ta yaya ƙwaya take fanɗarewa har ta zama sankara, wato ciwon daji?

A cikin kowace ƙwaya akwai rubutaccen umarni da ake kira DNA. Kafin ta rabu biyu sai ta kwafi umarnin nan gaba ɗaya. Mu da muke koyon rubutu mun san yadda kwafi yake: a tsallake harafi, ko a rubuta "d" a wurin "ɗ". Jiki yana gyara mafi yawan kurakuran. Akwai ma wani mai gadi da ake kira p53, wanda in ɓarnar ta yi yawa yake tsayar da ƙwayar ko ya sa ta mutu. A kusan rabin sankarar da ke kama ɗan Adam, ana tarar da mai gadin nan da kansa ya lalace.

Kuskure ɗaya ba ya isa. Sai wannan ya faɗa wa sashen da ke cewa "rabu", wancan ya faɗa wa mai cewa "tsaya", a hankali, shekara da shekaru. Shi ya sa ciwon ya fi yawa ga manya. Wasu abubuwa suna ƙara yawan kurakuran: hayaƙin taba, giya, ciwon hanta nau'in B, ƙwayar cutar HPV mai jawo sankarar bakin mahaifa, da dafin fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi. Wasu kaɗan gadon kuskuren suke yi. Wasu kuma babu ko ɗaya cikin waɗannan, ciwon ya zo musu, don haka ba abin zargin mara lafiya ba ne.

Yanzu ku tuna da kainuwa. Saiwarta ba ta taɓa ƙasa, a kan ruwa take zaune, tana ta 'ya'ya har ta rufe kududdufi. Haka ƙwayar sankara take komawa. Ita take ƙirƙiro wa kanta saƙon "kina gida", alhali ba ta riƙe da komai.

Masana suna gwada wannan a ɗakin bincike tun 1964, lokacin da Ian Macpherson da Luc Montagnier suka fito da hanyar. Ana samun wani abu mai suna aga daga ciyawar teku, a dama shi ya yi kauri kamar kamu da ya huce. Sai a barbaɗa ƙwayoyi a cikinsa, kowacce a rataye, ba ta taɓa gindin faranti. Bayan mako 2 zuwa 3 a duba. Lafiyayyar ƙwaya tana nan ita kaɗai ko ta mutu. Wadda ta fanɗare kuwa ta haifi curi guda.

Wannan hali na kainuwa yana cikin abin da ke ba sankara damar tafiya. Ƙwaya ta ɓalle daga nono, ta bi magudanan jiki zuwa hammata, a ji kaluluwa mai tauri. Daga nan ta iya kaiwa ƙashi, ko huhu, ko hanta. Yawancin waɗanda suka ɓalle a hanya suke mutuwa, amma kaɗan ɗin da suka tsira sun isa ɓarna. Ƙullutun da bai bar wurinsa ba, likita yana iya cire shi. Wanda ya watsu, maganinsa ya fi wuya da tsada.

A nan nake da ja da maganar da muke ji a gidajenmu, wai "daji ba ya son ƙarfe". Abin da ke faruwa shi ne, ana ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe wata da watanni, sai ciwo ya riga ya watsu sannan a je asibiti. In aka rasa mutum, sai a ce wuƙar likita ce. Ba kowane ƙullutu ne sankara ba, da yawa ba su da illa. Amma hannu ba ya bambance su, sai an ɗebi ɗan nama an duba a madubin likita. Ƙullutu a nono ko da ba ya ciwo, jinin da ke zuwa wa mace bayan ta daina al'ada, gyambon da ya ƙi warkewa, duk a fara da asibiti mafi kusa. In da buƙata za su tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Kuma ba a ɗaukar sankara ta cin abinci a kwano ɗaya ko ta jinya.

Tun watan Oktoba na 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV. Ta ciwon hanta nau'in B kuwa, da haihuwa ake fara yi wa jariri.

Aikin aji

Kowa ya rubuta jimla biyu, ɗaya da kalmar "dashe", ɗaya da "kainuwa". Sannan ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya zama Inna, wadda ta ji ƙullutu a nononta ta ce ba za ta asibiti ba. Ɗayan ya zama ɗanta ko 'yarta, ya fara da cewa, "Inna, ki yi haƙuri ki saurare ni," ya ƙarasa da kalmominsa.