Yadda Za Ka Toshe Yoyon Rufin Kwano Kafin Damina Ta Faɗi

A Kano da kewayenta ruwan farko yakan sauka a watan Mayu ko Yuni, galibi da iska mai ƙarfi a gabansa, sai Agusta kuma a yi ta marka. Aikin rufi na rani ne, domin kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen kwano, jiƙaƙƙen kwano kuma santsi gare shi. Yawancin yoyon da ke ɓata silin daga bakin ƙusa yake farawa, kuma magidanci zai iya maganinsa da hannunsa.

Da farko ka nemo ramin. Tabon da kake gani a silin ba lallai ne ya kasance daidai ƙarƙashin hujin ba, don ruwa yakan bi jikin katako ya gangara kafin ya ɗiga. Ka shiga cikin silin da rana tsaka, kana taka katako kawai. Duk inda kwano ya huje za ka hangi ɗigon haske. Zura tsinken tsintsiya ta ramin ya leƙa waje, idan ka hau sama shi zai nuna maka wurin.

Kayan aikin ba su da yawa: tsani mai ƙwari, guduma, ƙusoshin kwano masu hula, burushin waya, tsumma, tsohon tif ɗin taya, sai kwalta ko kuma manne mai fuskar alminiyom da ake sayarwa a naɗe a shagunan kayan gini.

Kafin ka jingina tsani, aika a gaya wa maƙwabta za a hau sama, saboda iyalinsu da ke tsakar gida su kimtsa. Wannan haƙƙi ne na maƙwabtaka, bai kamata a yi wasa da shi ba. Sannan ka duba inda wayar wuta ta ratsa, ka yi nesa da ita, ka kuma sami wanda zai riƙe maka tsanin. Hau da hantsi kafin kwano ya ɗauki zafi. A can sama ka riƙa taka layin ƙusoshi, nan ne katako yake a ƙasa. Wanda ya taka tsakiyar kwano zai lotsa shi, lotsatstsen wuri kuwa shi ke tara ruwa har ya yi tsatsa.

Yanzu sai ƙusoshin, kuma nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Kwano yana buɗewa da zafin rana, ya tsuke da sanyin dare, a hankali sai ƙusa ta yi ta tasowa har ka ga hularta ta ɗaga. Kada ka tsaya ga buga mata guduma kawai, ramin ya riga ya yi mata yawa. Zare ta, ka sa ɗan katako ƙarƙashin gudumar don kada kwanon ya lotse. Yanko roba daga tif ɗin, faɗin kwabo, ka soka sabuwar ƙusa a tsakiyarta, ka kafa ta a ɗan karkace yadda za ta kama lafiyayyen katako. Ka buga har robar ta zauna daram, ka tsaya. A kan tudun kwano ake kafa ƙusa, domin kwarin hanyar ruwa ne. Idan ka tarar da wadda aka kafa a kwari, cire ta ka toshe gurbinta.

Toshe rami ba wuya. Kankare tsatsar da burushi sai ƙarfe ya fito, ka share ƙura da busasshen tsumma, ka yanki manne ya zarce ramin da kamar santimita 5 ta kowane gefe, ka danna shi da yatsa ya bi lanƙwasar kwanon. In kwalta ce, shafa, ka shimfiɗa ƙyalle, ka sake shafawa. Wasu suna narkar da farin soson kwalin kayan wuta cikin fetur su liƙe da shi. Ban goyi bayan haka ba: rana tana busar da shi ya tsattsage, ga kuma haɗarin gobara.

Kafin ka sauko, duba inda falle ya hau kan falle, ya kamata na sama ya rufe na ƙasa da kamar santimita 15. Kwashe ganye da ledojin da suka toshe indararo. Daga nan a miƙo maka bokitin ruwa ka kwara a wurin gyaran, wani yana ciki yana dubawa.

Idan sabuwar ƙusa ta nutse ba tare da ta kama komai ba, to gara ta cinye katakon ko ya ruɓe. Wannan sai an ɗage kwanon an sauya katako, a shafe sabon da maganin gara. Ka kira kafinta, haka ma idan gidan bene ne ko rufin ya cika tsayi da gangara.